Fumfunar da ke tsirowa a cikin ido: abin da ya faru da masu sanya lens a 2006

Duk wanda ya yi makarantar kwana a cikinmu ya san abin da ke samun burodin da aka manta a ƙasan akwati da damina. Kwana uku ko huɗu, ka buɗe leda ka tarar ya yi gashi-gashi, fari da kore da baƙi. Fumfuna ke nan. A ajin Bayoloji an zana mana ita a allo, an ce ita ba tsiro ba ce, ba kuma dabba ba, gidanta daban a cikin halittu, kuma tana cin abinci ne ta hanyar tura siraran zare cikin duk abin da ta sauka a kai. Makero da ƙyasfi ma danginta ne ke kawo su. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, akwai wasu daga cikin dangin nan da ke iya tura zarensu cikin idon mutum mai rai.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne lens, ɗan faifan roban nan mai laushi da ake mannawa a kan ƙwayar ido. A da sai wanda likita ya rubuta wa a madadin tabarau yake sanya shi. Yanzu kuwa ku duba hotunan kamu da dina da na Sallah, har da na bikin yaye ɗalibai. Amarya da ƙawayenta, wannan idonta ruwan toka, waccan ruwan zuma. Ana sayar da lens masu launi a Instagram da WhatsApp, ana jera su a kantin kayan kwalliya kusa da jan baki da gashin ido, kuma mun sha jin ƙawa ta ce wa ƙawarta, "Ki ara mini naki na je biki, gobe zan dawo miki da shi."

Tagar da ba ta da jini

Ku tsaya gaban madubi ku kalli idonku ta gefe. A kan baƙin ido akwai wani tantani garai-garai da ya ɗan kumburo, kamar gilashin agogon hannu. Likitoci na kiransa koniya. Faɗinta kusan milimita 12 ne, kaurinta a tsakiya kusan rabin milimita, amma ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin lanƙwasa hasken da ke shiga ido. Idan ta yi tabo fari, abin da muke kira hakiya, gani ya dushe ko da sauran ido lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya sa take garau shi ne babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinta. Iskar oksijin ma daga waje take shaƙa, ta cikin ɗan hawayen da ke lulluɓe da ita. Wannan baiwa tana da nata tsadar. Inda jini ba ya zuwa, sojojin jiki masu yaƙar cuta ba sa isa da wuri, maganin da aka haɗiya ma ba ya kaiwa da yawa. Kariyar koniya ita ce ƙyafta ido, da hawaye, da wata siririyar fata da ke samanta. Muddin fatar nan ba ta ƙuje ba, da wuya fumfuna ta samu ƙofa, ko da yake kullum iska na kawo mana ƙwayoyinta.

Lens yana taɓa dukkan waɗannan. Yana rage iskar da koniya ke samu, musamman idan an yi barci da shi. Yana iya yin 'yar ƙujewar da mutum ba zai ma ji ba. Sannan duk abin da ya manne a jikinsa, zai danna shi a kan ido na tsawon sa'o'i, a wuri mai ɗumi da laima, inda ƙyafta ido ba zai share shi ba. Kada dai a ɗauka lens kansa mugun abu ne. Miliyoyin mutane na sanya shi lafiya shekara da shekaru. Wanda ya ƙirƙiro mai laushin, masanin sinadarai Otto Wichterle na ƙasar Cekosulobakiya ta wancan lokacin, ya haɗa injinsa na farko ne a gida a ƙarshen 1961, da ƙarafunan wasan yara da dainamon fitilar keke. Bayan shekara goma, a 1971, kamfanin Bausch & Lomb na Amurka ya fara sayar da shi a kasuwa. Ku riƙe sunan kamfanin nan, za mu sake haɗuwa da shi.

Marasa lafiya uku a New Jersey

Ranar 8 ga Maris 2006, wani likitan ido a jihar New Jersey ya kai rahoto ga CDC, hukumar daƙile cututtuka ta Amurka. A cikin wata uku ya ga mutum uku da gyambon koniya, dukkansu masu sanya lens, kuma gwaji ya nuna wata fumfuna ce mai suna Fusariyum. Mutum uku ba yawa ba ne. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne wurin. Fusariyum a ido cuta ce da aka fi sani a ƙasashe masu zafi da laima, a wurin manoma. A arewacin Amurka mai sanyi likita kan yi shekaru bai ga ko ɗaya ba.

'Yan ajin Noma sun san dangin Fusariyum ko da ba da wannan suna ba. Su ne ke sa tumatir ya yi yaushi ya mutu a tsaye, su ke ruɓar da zangarniyar masara, wani daga cikinsu kuma ya hallaka gonakin ayaba a ƙasashe da dama. Suna zaune a cikin ƙasa da jikin tsirrai, har da magudanar ruwan banɗaki da wurin wanke hannu.

Da aka fara bincike sai aka ga ashe ba Amurka ce ta fara gani ba. Tun 2005 likitoci a Singafo da Hong Kong ke ganin irin wannan. A Singafo kaɗai an ƙirga mutum 66 tsakanin Maris 2005 da Mayu 2006, akasarinsu matasa, kuma kusan dukkansu suna wanke lens ɗinsu da ruwan ReNu na Bausch & Lomb. Tun watan Fabrairun 2006 aka dakatar da sayar da shi a can.

Yadda CDC ta bi sawun abin ya cancanci a tsaya a kansa, domin dabara ce da duk mai sha'awar karatun likita zai sake haɗuwa da ita. Bai isa a ce marasa lafiya da yawa suna amfani da ruwa kaza ba, tunda mai yiwuwa shi ne ruwan da kowa ke saye. Sai suka ɗauki mutum 45 da suka kamu, suka nemo wasu 78 a unguwanninsu waɗanda su ma suna sanya lens amma ba su kamu ba, suka yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya. Wane ruwa kake amfani da shi? Kana barci da lens? Kana zubar da tsohon ruwa? Da aka jera amsoshin, bambancin ya fito fili. Yiwuwar a samu wanda ya kamu yana amfani da wani sabon samfuri mai suna ReNu with MoistureLoc, wanda aka fito da shi a ƙarshen 2004, ta fi ta wanda bai kamu ba nesa ba kusa ba.

Ranar 13 ga Afrilu kamfanin ya janye shi daga shagunan Amurka, ranar 15 ga Mayu kuma daga duniya baki ɗaya. Zuwa 30 ga Yuni an tabbatar da mutum 164 da suka kamu a jihohi 33 na Amurka da wani yanki ɗaya da ke ƙarƙashinta. A cikinsu 55, wato kusan ɗaya cikin kowane uku, sai da aka yanke ruɓaɓɓiyar koniyar aka dasa musu ta wani.

Kwalba tsaf, mazubi da datti

Kowa ya ɗauka a masana'anta aka gurɓata ruwan. Masu bincike suka je masana'antar da ke Greenville a jihar South Carolina, suka duba injina da sito da kwalaben da ba a buɗe ba. Ba su samu Fusariyum ba. Da suka duba fumfunar da aka ciro daga idanun marasa lafiya kuma, sai suka ga ba iri ɗaya ba ce, iri-iri ce barkatai. Da daga tukunya ɗaya ta fito, da duk sun zo iri ɗaya. Ma'ana, kowa daga gidansa ya ɗauko tasa: daga wurin wanke hannu, daga yatsunsa, daga ɗan mazubin roban nan mai ido biyu da ake kwantar da lens a ciki da dare.

To mene ne laifin ruwan? Aikinsa ne ya kashe fumfunar, sai ya kasa. Bayanin da masana suka fi yarda da shi shi ne, an zuba masa wasu sinadarai masu yauƙi domin lens ya daɗe da laima a ido, mai sanyawa ya ji daɗi. A ɗakin gwaji, sabon ruwa daga kwalba yana kashe fumfuna sarai, shi ya sa ya ci jarrabawar hukuma. Amma a gida mutane ba sa bin ƙa'ida. Wani zai bar mazubi a buɗe, ruwan ya ƙafe. Wani ba zai zubar da na jiya ba, sai ya ɗan ƙara sabo a kai don kwalba ta daɗe. Idan ruwan ya ƙafe, yauƙin nan sai ya bushe ya zama wani siririn ɓawo a jikin mazubi, maganin kashe ƙwayoyin ya rasa ƙarfi, fumfuna ta samu mafaka ta yi ta girma. Da safe mutum ya ɗauko lens daga ciki ya manna a idonsa, yana ganin ya wanke shi.

A ganinmu laifin kamfanin na nan, domin wanda ya yi kaya don mutane ya kamata ya gwada shi yadda mutane ke amfani da shi a zahiri. Shaida kuwa, da aka janye ruwan, adadin masu kamuwa ya faɗi cikin 'yan watanni. Amma fumfunar ba a janye ta ba, tana nan inda take. Shekara guda bayan haka, a 2007, aka sake janye ruwan wani kamfanin, Complete MoisturePlus, wannan karon saboda wata amiba da ke rayuwa a ruwan famfo da na rijiya da na kududdufi. Daga nan ne dokar da likitocin ido ke ta nanatawa ta samu ƙarin ƙarfi: ruwa da lens ba sa haɗuwa. Ba na famfo ba, ba fiya wata ba, balle yawu.

Wani abin lura kuma, waɗanda abin ya samu a 2006 mutane ne da likita ya auna wa ido ya rubuta musu lens, suka sayi ruwa mai rajista a babban kanti, a ƙasashen da ke da asibitocin ido birjik. Tun 2005 dokar Amurka ta sa har lens na ado a sahun kayan asibiti, ba a sayar da shi sai da takardar likita. Ku kwatanta da lens ɗin da aka saya a hannun mai kayan kwalliya, ba a auna ido ba, ba a san inda aka yi shi ba, kwalbar ruwansa ta sha zafin bazara a shago, sannan mai kwalliyar da ta gama shafa wa mutum biyar hoda ta manna shi da yatsanta.

Me ya sa take da wuyar magani

Gyambon da bakteriya ke kawowa yakan taso da zafinsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Na fumfuna ya fi shiga a hankali, kuma nan haɗarinsa yake. Ido ya yi ja, yana hawaye, ana jin kamar da tsakuwa a ciki, haske na damun mutum, gani ya fara hazo. Kowa a gida zai ce apolo ce. Bayan kwanaki sai a ga ɗan ɗigo fari ko ruwan toka a kan baƙin ido. A ƙarƙashin na'urar likita gefensa ba a shate yake ba, ya yi zare-zare kamar gashin tsuntsu, wani lokaci da ƙananan ɗigo a kewaye da shi. Zaren nan ƙasa yake nutsawa, kuma yana iya huda koniya ya shiga cikin ido, mugunya ta taru a gaban baƙin ido.

Apolo yawanci tana kama ido biyu, tana bin 'yan gida ko 'yan aji, kuma ba ta cika rage gani ba. Ido ɗaya mai zafi sosai, da gani da ya ragu, a wurin wanda ya sanya lens kwanan nan, wannan ba abin jira ba ne ko na kwana ɗaya.

Babban kuskuren da ake yi shi ne tsayawa a kemis. Akwai magungunan ɗigawa masu ɗauke da sinadarin sitiroyid, waɗanda za ku ga an rubuta dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone a jikin kwalinsu. Suna kwantar da ja da raɗaɗi nan da nan, mutum ya ɗauka ya samu sauƙi. Abin da suka yi a zahiri shi ne sun kwantar da sojojin jiki, sun bar wa fumfuna fili. Haka ruwan sukari, da nonon uwa, da ruwan ganye da ake matsawa a ido. Na ganyen ma yana iya zuwa da tasa sabuwar fumfunar.

A asibiti likita zai ɗiga maganin kashe zafi, ya kankaro ɗan ƙanƙanin abu daga gyambon, a duba a madubin ganin ƙananan halittu, a kuma shuka shi a ɗakin gwaji a ga abin da zai tsiro, wanda kan ɗauki kwanaki. Maganin da aka fi dogara da shi ga Fusariyum shi ne natamaisin. An gano shi ne a 1955 daga wata ƙwayar halitta da aka samo a turɓayar yankin Natal na Afirka ta Kudu, daga nan ma sunan ya fito, kuma Turawa na shafa shi a bayan cuku don kada ya yi fumfuna. Wani babban gwaji da aka yi a kudancin Indiya, aka wallafa a 2013, ya nuna ya fi wani sabon magani mai suna borikonazol aiki a kan Fusariyum. Sai dai ɗiga shi ba wasa ba ne. Da farko duk awa ɗaya ake ɗigawa, dare da rana, sannan a ci gaba makonni, wani sa'in watanni. Ku ƙiyasta ɗan SS3 da WAEC ke gabansa ana tashinsa duk awa, ido ɗaya a rufe. Ko an ci nasarar kashe fumfunar, tabon yakan zauna, kuma idan a tsakiya yake, gani ba ya komawa yadda yake.

Mutum 55 ɗin nan na Amurka sun samu dashe ne saboda can akwai ma'ajiyar koniya da mutane ke bayarwa bayan rasuwarsu. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa a duniya koniya ɗaya ce ake samu ga kowane mutum 70 da ke buƙata. A ƙasarmu samun ta abu ne mai wuyar gaske.

Ba masu lens kaɗai ba

Samarin da ke karanta wannan suna cewa ai maganar 'yan mata ce, ku dakata. Mutum na farko da aka rubuta labarinsa da wannan cuta manomi ne. A 1879 wani likita Bajamushe, Theodor Leber, ya bayyana yadda ƙaiƙayin hatsi ya faɗa wa wani manomi a ido, fumfuna ta tsiro a wurin. Har yau haka abin yake a yawancin duniya. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2021 ya ce mutum fiye da miliyan ɗaya ke kamuwa duk shekara, mafi yawansu a Asiya da Afirka, kuma galibi ta hanyar aikin gona. Ganyen dawa ya shafci ido, ko tsinin kara, ko ƙaiƙayin shinkafa wajen sussuka da shiƙa. Abin da ya yi ƙujewar shi ne ya zo da fumfunar a jikinsa. Hausawa da suka ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, a nan maganarsu ba ta buƙatar fassara. Da yawanmu muna taya iyaye girbi idan kaka ta yi. Tabarau na roba mai arha ya wadatar wajen casa, kuma idan kara ya taɓa ido har washegari zafi bai tafi ba, a je asibiti a faɗi cewa tsiro ne ya yi raunin, domin wannan kalma kaɗai tana sauya abin da likita zai fara zargi.

Ga wanda likita ya rubuta wa lens kuwa, ko wadda ta ƙudurta sai ta sa na ado, hanyar ba ta da tsawo. A je wurin likitan ido a auna, domin lanƙwasar ido ba ɗaya ba ce ga kowa. A wanke hannu da sabulu a tsane shi kafin a taɓa. A murza lens da ruwan maganinsa a tafin hannu, a ɗauraye, ko da an rubuta a kwalba cewa ba sai an murza ba. A zubar da ruwan jiya gaba ɗaya, a kife mazubi ya bushe, a sauya shi duk wata uku. A cire kafin wanka ko ninkaya. Kada a kwana da shi ko an dawo daga dina a gajiye, domin CDC ta ce barci da lens yana ninka haɗarin kamuwa sau shida zuwa takwas. Aro kuwa babu shi sam, ko tsakanin ya da ƙanwa.

Akwai abu ɗaya da muka san yana jawo jinkiri a tsakanin 'yan shekarunmu, wato tsoron faɗa. Yarinya ta sa lens ba da sanin Mama ba, ido ya yi ja, sai ta yi shiru tana fatan ya wuce. Kwanakin shirun nan su ne fumfuna ke nutsawa a ciki. Idan ido ya yi ja ko zafi, a cire lens nan take, a gaya wa babba a gida ko metiron ta makaranta, a nufi sashen ido na babban asibiti mafi kusa a ranar. Waɗanda ke kusa da Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, a Kano akwai asibitin ido na ECWA da na Makkah, asibitocin koyarwa na jami'o'i ma duk suna da sashen ido.

Kada a jefar da lens ɗin don ɓoye shaida. A tafi da shi, da mazubinsa, da kwalbar ruwan, da duk maganin da aka riga aka ɗiga, domin sau da yawa daga mazubin ake gano abin da ya shiga ido. Likita zai tambaya ko an kwana da shi, ko ruwa ya taɓa shi, ko na wani ne, da ranar da zafin ya fara. Maganin bakteriya daban ne, na fumfuna daban, na amiba daban, kuma kafin sakamakon gwaji ya fito, da waɗannan amsoshin zai zaɓi wanda zai fara ɗigawa.